Dashe Talatin a Gonar Gado

Duk wanda ya zauna a Dogo Tebo ya san Malam Ɗalhatu. Ko bai san sunansa ba ya san kekensa, tsohon baƙin keke mai jarkoki biyu rataye a baya, da dogon mutum siriri a kai yana tuƙi kamar an aike shi kiran ungozoma. Manomin gero ne, ɗan manomin gero. Boko aji huɗu ya yi ya ce ta ishe shi. Ya taɓa dako a kasuwar hatsi, ya taɓa tsaron shagon wani Alhaji na wata bakwai, duk bai zauna ba, don shi in bai ji ƙasa a tsakanin yatsun ƙafarsa ba, gani yake bai yi aiki ba. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya shiga abin da babu ruwansa. Aibinsa ɗaya, kuma matarsa Yagana ta faɗa har bakinta ya gaji: a kan noma ba a gaya masa. Gyara masa karatun salla, zai yi maka godiya har da addu'a. Amma ka ce masa kunyar nan ta karkace, to kun ɓata ke nan sai bayan kaka.

Gonar da yake nomawa ba tasa ba ce shi kaɗai. Ta gado ce, su uku mahaifinsu ya bar wa: shi, da ƙaninsa Abdulbaƙi mai dillanci a kasuwar shanu, da autarsu Ramlat. Doguwa ce siririya a bakin gari, kanta a tudu, ƙafarta a kwari, inda mahaifin nasu ya haƙa rijiya tun Ɗalhatu yana yaro. Ba a taɓa raba ta ba. Shi yake nomawa, in kaka ta yi ya ɗaure dammuna ya kai wa kowa nasa, aka yi shekaru a haka babu wanda ya ji kansu.

Sai gari ya fara cin gonaki. Maƙwabcin gabas ya sayar, aka yanka filotai. Na kudu ya sayar, kafin damina biyu gini ya kai linta. Dillalai suka dinga sallama a ƙofar gidan Ɗalhatu yana sallamarsu da “sai na yi shawara”, da suka gane babu shawarar da zai yi sai suka koma wa Abdulbaƙi. Ana cikin haka mijin Ramlat ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya huɗu a ɗakin haya a Hausari. To, nan fa magana ta sake. Abdulbaƙi ba mugu ba ne, kuma gaskiya yake faɗi: geron gonar ba ya raba kowa da awo, amma in aka sayar Ramlat za ta sami inda za ta sa kanta da marayu. Mai saye kuwa duka yake so, da rijiyar da bakin hanyar. In an yanka ta uku, babu yankin da zai yi wata daraja.

Aka zauna a zauren limamin unguwa bayan la'asar.

Ɗalhatu ya ce, “Malam, a gonar nan na koyi tafiya. A roƙar mini su, su ba ni shekara biyar.”

Abdulbaƙi ya ce, “Haba Yaya! Shekara biyar ka yi me? Geron ne zai sake hali?”

“Ba gero ba. Mangwaro zan dasa, ɗan aure.”

Ya daɗe da abin a ransa. Ya sha tsayawa a bakin titi yana kallon manyan motoci ana loda musu irin mangwaron nan mai cika tafin hannu biyu, wanda ba shi da zare, ana tafiya da shi garuruwa masu nisa. Ya ji an ce masu saye tun yana fure suke bin lambuna suna kamawa. Ya ce bishiya talatin za ta riƙe gida uku, ta gina wa Ramlat ɗaki, gona kuma tana nan.

Liman ya juya ya ce, “Ramlat, ke fa? Ke ce mai ɗawainiya.”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Abin da Yaya ya ce.”

Allah sarki. Shi ke nan abin da ta faɗa. Ɗalhatu ya ɗauki alkawari a gaban liman cewa in shekara biyar ta cika mangwaro bai riƙe su ba, a sayar duka, kuma shi zai fara dangwala hannu. Aka shafa fatiha. Wannan a farkon daminar 2017 ne.

Neman dashe kuwa, wallahi ko mai neman surukin kirki bai kai shi bincike ba. Tsoronsa ɗaya kar a cuce shi, don ya ji labarin mutanen da aka sayar wa na gargajiya a matsayin ɗan aure, ba su gane ba sai da shekaru suka wuce. Abu ɗaya aka gaya masa ya riƙe: na gaske yana da ɗaurin leda a karansa, da tabo a ƙarƙashin ɗaurin. Dalilin ɗaurin fa? Bai tambaya ba.

Ya fara da masu jera dashe a bakin titin cikin gari. Darbejiya ce da turare da zogale da furannin gidan masu kuɗi, mangwaronsu kuwa 'yan tsiraru a ledar fiya-wata, babu ɗauri. Wani mai yawo da baro ya rantse masa da Allah cewa nasa duk 'yan aure ne. Ɗalhatu ya warware ledar ɗaya da farce, ya ga kara sumul babu tabo, ashe naɗawa kawai aka yi. Ya ce, “Kai, ka ji tsoron Allah,” ya hau kekensa. Ya je Mamudo ya zaga fadama, ya tarar da gwaiba da gwanda da lemo, aka ce masa mangwaron kirki an kwashe tun ruwan farko. A nan wani mai tumatir ya ce masa in da gaske yake yi, ya bi hanyar Gadaka ya tambayi lambun Baba Abatcha.

Ya sayar da ragon da Yagana take kiwo, da yardarta, ya shiga mota ranar wata Litinin.

Ƙasar can daban take. Tun daga mota ya ga korama da rake da ayaba, ƙasa baƙa mai danshi, har ya ji kishi ya kama shi. Baba Abatcha tsoho ne ɗan Barno, gajere, Hausarsa da nauyin Barbarci, ya fi shekara talatin yana rainon dashe. A ƙarƙashin rumfar zana dashe ne jere a baƙar leda, layi-layi, kowane iri da wurinsa. Ɗalhatu ya tsuguna ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya duba ɗauri, ya duba tabo, ya juya ganye ya leƙa bayansa, ya ɗaga leda ya ga ko saiwa ta huda. Tun hantsi har azahar yana zaɓe. Wanda ya ɗauka ya ajiye ya fi wanda ya saya yawa, tsohon dai yana zaune a kan turmi yana kallonsa yana murmushi.

Da aka gama jera talatin a bayan a-kori-kura, Baba Abatcha ya riƙo ɗaya ya ce, “Malam Ɗalhatu, tsaya in nuna maka wani abu. Ka ga nan, ƙasa da ɗaurin nan...”

Direba ya danna ham. Hadari ya haɗo ta gabas.

Ɗalhatu ya ce, “Baba, shekara arba'in ina noma. Rami ne da taki da ruwa, ko akwai wani abu?”

Tsohon ya dube shi, ya ga mutum da furfura a gemu da kanta a hannu, ya ɗauka ya sani. Ya ce, “To, Allah ya raya. Shekara uku zuwa huɗu za ka sha.”

Kaico! Magana ce ta minti ɗaya.

Ya dasa su a kwarin, layi biyar, ya yi wa kowanne kewayen ƙaya. Damina ta ɗauke, aikin gaske ya fara. Guga yake ja tun asuba, ya cika jarkoki, ya bi su gindi-gindi. Da rijiya ta ja baya a tsakiyar rani, daga famfon unguwa yake ɗauko ruwa a keke, sawu shida, sawu bakwai. Gara ta taso, ya bi ta da toka. Awakin sababbin maƙwabta suka gano wurin, ya yi faɗa da mutanen da bai taɓa sanin sunansu ba. Dashe huɗu suka mutu a ranin farko. Ɗaya kuma, na can ƙarshen layi ta bakin burtali, shanu suka tattake ƙayar suka cinye shi saura ɗan kututture, ya fitar da rai da shi, sai in ruwa ya ragu a jarka ya tuttula masa.

Ga inda abin ya faru. Shi ɗan aure itace biyu ne aka haɗa. Ƙwallon na gargajiya ake shukawa, mai zaren nan, saboda shi ne mai jure fari. In ya yi kaurin fensir sai a sare kansa, a tsaga, a soka ɗan reshen da aka yanko daga bishiya mai kyau, a naɗe da leda har su kama juna. Gindi na gargajiya, sama na mai kyau. Shi gindin ba ya haƙura, yakan yi ta fitar da tohonsa daga ƙasa da ɗaurin, kuma tohon nan ya fi na saman ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai lambu da ya gan shi zai tsinke. Abin da Baba Abatcha ya so faɗa ke nan.

Shi kuwa Ɗalhatu ɗan gero ne. Tun yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya koya masa cira: in shuka ta tsiro da yawa a rami ɗaya, ka bar mai ƙarfi, ka cire raunana, kada su cinye wa juna abinci. Hannunsa ya yi wannan aikin sau dubu nawa, Allah kaɗai ya sani. Da ya ga sabon toho ya fito daga gindi, kore shar, ganye fala-fala, yana tsere wa na saman da ke tsaye a ƙanjame, ko tunani bai tsaya yi ba. Ya zaro wuƙa ya yi bismilla ya sare na saman. Ba rana ɗaya ya yi ba. Yau biyu, wani watan uku, duk wanda ya yi sabon toho sai ya rage masa mai rauni. Kafin damina ta uku ya bi ashirin da biyar ɗin nan kaf. Har gida yake zuwa yana ba Yagana labari, wai dashen sun gode masa.

Kuma fa sun yi kyau! Abin haushin ke nan. Suka miƙe, suka yi rassa, suka haɗe inuwa. Masu wucewa suna tsayawa su ce, “Malam Ɗalhatu, hannunka da albarka.” Babu mai lambu ko ɗaya a wajen, duk 'yan gero ne da magina, wa zai gane? Abdulbaƙi da kansa ya zo ya zaga ya ce, “Yaya, na sara maka.”

Shekara ta huɗu ta zo, babu fure.

Yagana ta ce, “Malam, tsohon nan ba uku zuwa huɗu ya ce ba? Ka koma ka tambaye shi mana. Kuɗin mota ne kawai.”

Ya ce, “In tambaye shi me? Ƙasarsu danshi gare ta, tamu tudu ce. Dole namu ya makara.”

“To ka je ka ji daga bakinsa.”

“Yagana, bishiyar da ta fi ni tsawo sau biyu zan je in ce ba ta da lafiya? A yi mini dariya?”

Ta san inda ake tsayawa da shi.

Shekara ta biyar aka ga fure jefi-jefi, iska ta kaɗe. Wa'adi ya cika. Ɗalhatu bai iya zuwa wurin Abdulbaƙi ba, sai ya tafi Hausari. Ya tarar Ramlat ta sake ɗaki, don mai gidan farko ya ce zai yi gyara, yanzu su biyar suna ɗaki ɗaya kusa da kwata, tana soya awara a ƙofar gida. Ya zauna a kan benci ya yi ta kewaye-kewaye, ita ta gane.

Ta ce, “Yaya, shekara ɗaya ce ko?”

Ya ce, “Ɗaya tak. Kin ga sun fara fure. Baɗi war haka, in Allah ya yarda, kina ɗakinki.”

Ta ce, “Allah ya kai mu. Ni zan gaya wa Yaya Abdulbaƙi.”

Ta ƙunsa masa awara a takarda ya kai wa Yagana. A hanya kunya ta ishe shi, har ya sauka daga keken ya tura shi da ƙafa.

A shekara ta shida, lokacin sanyi, bishiyoyin suka yi fure kamar an zuba musu gari. Ƙudan zuma har kan hanya ake jin su. Ɗalhatu ya rame don murna, abinci ma a gona yake ci. 'Ya'ya suka ɗauru, reshe har yana sunkuyawa. Suka kai girman ƙwan kaza, suka ɗan wuce, sai suka tsaya. Ya ce za su ƙara. Ya ninka ruwa. Ya ce zafi ne bai sauka sosai ba. Ran nan da safe ya shiga ya tarar sun fara yin rawaya, suna faɗowa da kansu, ga su 'yan ƙanana.

Wani mai sayen lambu da Abdulbaƙi ya turo ya zo a babur. Ya ɗauki ɗaya daga ƙasa, ya goge a riga, ya gatsa. Ya tsaya yana zaro zare daga haƙoransa.

Ya ce, “Baba, ai wannan na gargajiya ne. Irinsa yanzu a kasuwa tuli ake yi, har awaki sun ƙoshi. Ko kyauta ka ba ni, kuɗin mota ba zai fita ba.”

Ɗalhatu ya bi layi yana tsinka yana gatsawa, yana tsinka yana gatsawa, har bishiya ta ashirin da biyar. Duk abu ɗaya.

Washegari ya shiga motar farko. Bai yi sallama ta kirki ba ya zazzage buhun mangwaro a gaban Baba Abatcha, a gaban masu saye, ya ce, “Ka cuce ni! Shekara shida! Ka cuci marayu, Allah ya isa tsakanina da kai!”

Tsohon ya ƙara tsufa, yanzu da sanda yake tafiya. Bai yi fushi ba. Ya ɗauki mangwaro ɗaya ya juya, ya ce, “Ban taɓa sayar da ƙarya ba. Amma ba zan yi musu da kai a nan ba. Mu je in gani.”

Suka iso da azahar. Baba Abatcha bai ko ɗaga kai ya dubi 'ya'yan ba. Gindi ya nufa, ya durƙusa da ƙyar, ya shafa ɓawon da hannu yana lalube. Kamar taƙi ɗaya daga ƙasa ya sami wani ɗan busasshen kututture a gefe, ɓawo ya kusa rufe shi. Ya je ta biyu, ya samu. Ta uku, ya samu.

Ya ce, “Wa ya sare nan?”

“Ni ne. Ya ƙanjame, ga mai ƙarfi ya fito daga ƙasa, na rage masa.”

Tsohon ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai. “Innalillahi. Malam Ɗalhatu, wanda ka sare shi ne abin da ka saya. Wannan da ka yi shekara shida kana shayarwa, gindin ne kawai.”

Ɗalhatu ya ce, “Amma shi ne mai ƙarfin.”

“Shi ne mai ƙarfin.”

Ɗalhatu ya jingina da bishiyar. Da a ce cutarsa aka yi, da ya sami wanda zai riƙe, ya kai ƙara, ya yi Allah ya isa ya ji sanyi. To wa zai kama? Wuƙarsa ce, hannunsa ne, kuma da bismilla ya yi. Can ya ce, “Baba, ka yafe mini abin da na faɗa.” Tsohon ya ce babu komai, shi ma da laifinsa, da ya bi shi har mota ya gaya masa.

Da za su fita ta bakin burtali, Baba Abatcha ya ja ya tsaya. Wata 'yar guntuwar bishiya ce a karkace, ko kafaɗar mutum ba ta wuce ba, wadda shanu suka cinye tun shekarar farko. Ɗalhatu bai taɓa sa mata wuƙa ba, don bai ɗauke ta a bakin komai ba. Tsohon ya ɗaga ganye da sandarsa. 'Ya'ya bakwai ne a ɓoye, kore, dogaye, tun ba su ƙosa ba kowanne ya ninka na sauran.

Ya ce, “Ga nawa nan. Wannan shi na sayar maka. Shi ba ya nuna da wuri, sai nan da wata ɗaya da rabi.”

Ya kuma ce abin yana da gyara. Gindin sun kafu, a sare kawunansu, in sun yi sabon toho shi da kansa zai zo ya ɗaura musu, ba ya son ko sisi. Shekara uku su dawo.

Shekara uku. Ɗalhatu ya kai maganar wurin Abdulbaƙi a kasuwar shanu, a tsaye, cikin ƙura da hayaniya. Abdulbaƙi ya saurara har ƙarshe, bai ɗaga murya ba.

Ya ce, “Yaya, ni ba zan ce maka a'a ba. Je ka gaya wa Ramlat. In ta yarda, na yarda.”

Ya tafi Hausari. Daga bakin lungu ya hango kayanta a waje, katifa da tukwane da buhun tufafi, an ɗora a kan baro. Ashe an sayar da gidan, sabon mai shi ya ba su kwana bakwai, za ta raɓa a wurin wata ƙawarta kafin ta sami wani ɗakin. Da ta gan shi ta saki abin da take ɗaurewa ta durƙusa ta gaishe shi, har tana tambayarsa ya mangwaro. Ya san in ya roƙa za ta ce “abin da Yaya ya ce”. Sanin hakan ne ya rufe masa baki. Ya kama mata ɗaurin katifar, ya tura baron da kansa har inda za ta sauka.

Ranar Juma'a bayan an sauko, a zauren liman, shi ya fara dangwala hannu.

Mai sayen gonar bai zo ba, wakilinsa ya turo, wani mai fara'a da waya biyu a hannu. Kwana uku bayan nan aka zo da igiyar awo da turaku. Ɗalhatu ya bi wakilin har bakin burtali ya ce, “Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya nake nema. Waccan 'yar ƙaramar, a bar mini ita wata ɗaya. Ta nuna kawai, in tsinka, shi ke nan.”

Wakilin ya buɗe takarda ya duba, ya dubi turakun. Ya ce, “Wallahi Baba da a cikin fili take da na bar maka. To hanya ce ta bi ta kanta, kuma ranar Asabar mai greda zai zo, an riga an sallame shi. Ka yi haƙuri.”

Ranar Juma'a da yamma ya je ya tsinko bakwai ɗin, ɗanyu shataf, ƙaro yana bin hannunsa. Asabar bai fita daga gida ba. Yagana ta naɗe su a takarda ɗaya-ɗaya ta cusa cikin buhun gero, ko Allah zai sa su nuna. Ita ma ta san ba su ƙosa ba, ta dai yi ne don ta ga ya sami abin jira. Kullum da safe sai ya zura hannu ya latsa. Kwana goma sha biyu suka yi. Huɗu suka ruɓe, sauran suka yamutse, fatar ta yi laushi ba tare da ta yi launi ba.

Ya zauna a tabarma a tsakar gida da hantsi, ya yanka ɗaya. Cikin fari-fari ne, ko ƙamshi babu. Ya kai baki. Tsami ya sa idonsa ya rufe.

Yagana ta ce, “Malam, bar shi mana, zai kashe maka haƙori.”

Bai bari ba. Ya ci gefe ɗaya, ya juya ya ci ɗayan, ya tsotse har ƙwallo. Sannan ya ɗaga ƙwallon yana dubawa, sumul, ya sa harshe ya bi haƙoransa.

Ya ce, “Yagana, kin gani? Ko zare ɗaya babu.”

Ta ce, “Na gani, Malam.”

Ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa. Shekara talatin da ɗoriya suna tare, ran nan ta fara jin kukansa.